Kalmar "massive" a bakin 'yan jarida, da yadda ta rikiɗe ta zama "gagarumi" a wajenmu

Tun ranar zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 wannan kalma take cina a rai, yau dai na ce bari in zauna in warware ta, don inaga ba ni kaɗai take damu ba.

Rumfar zaɓenmu a wata firamare take. Ranar mutane sun yi sammako sosai saboda gudun rana, kafin ƙarfe tara layin maza ya zagaye aji biyu ya fito har gindin darbejiya, na mata ma ya miƙe har bakin famfo. Muna tsaye sai ga wani matashi da katin aikin jarida rataye a wuya, ya sauka daga kan babur ya ɗaga waya ya ɗauki layin ta nan ya ɗauka ta can, bai yi wa kowa tambaya ba, bai ko leƙa takardun rajistar da aka manna a jikin bango ba, ya koma kan babur ya wuce. Kafin la'asar wajen ya zama fayau, sai 'yan jiran ƙirga da masu sayar da fiya wata, kuma da aka zo ƙirga duk wanda ke wajen ya gane cewa yawancin sunayen da ke jikin bangon nan masu su ba su zo ba. Amma duk yinin ranar in ka buɗe waya abin da zaka dinga gani a labaran Turanci shine "massive turnout", na Hausa kuma suna cewa jama'a sun yi gagarumar fitowa, wasu su ce an yi fitar farin ɗango. Da alƙaluman hukumar zaɓe suka fito fa? Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce wajen miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari kenan, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. A 2019 ma an samu wajen kashi 35.

Ni ban ce yaron nan ƙarya ya yi ba. Layi kam akwai shi, da idona na gani, a ciki ma nake. Abin da ya faru shine kalma ɗaya ta tsaya a gurbin ƙirga, kuma mai karatu ba shi da hanyar gane cewa ba a ƙirga ba.

To daga ina kalmar ta fito? Turawan Ingila sun aro ta ne daga Faransanci wajen ƙarni na 15, Faransanci ya samo ta daga kalmar Latin "massa", wadda take nufin dunƙule ko curi, Latin ɗin kuma daga Girkanci "maza", wato curin ƙullun sha'ir da ake gasawa. Kaga kenan asalinta ba girma kawai take nufi ba, tana nufin abu dunƙulalle mai nauyi wanda cikinsa ba holoƙo bane. In aka ce zinare "massive" ne a tsohon Turanci, ana nufin zinare ne har ciki, ba ruwan zinare aka shafa wa ƙarfe ba. Bango, ginshiƙi, dutse, ƙofar katako mai kauri, irin waɗannan ake kira da ita. Abu ne da zaka iya dafawa ka ji shi, ko ka ɗora a sikeli. Ka duba badalar Kano inda ta rage da kaurinta, ko dutsen Zuma in ka taho daga Kaduna zaka shiga Abuja, to wannan shine ainihin abin da kalmar take nufi tun farko.

Kuma har gobe akwai masu sana'ar da suke riƙe da ita da ma'auni. Masana kimiyyar fiziks in sun ce ƙwayar abu "massive" ce, nufinsu tana da nauyi komai ƙanƙantarsa, saɓanin ƙwayar haske da ba ta da shi, wato a wajensu abin da ido ba zai taɓa gani ba ma yana iya ɗaukar wannan suna. Masana taurari suna kiran baƙin ramin da ke tsakiyar rukunin taurarinmu (wani dunƙulallen abu a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) "supermassive", kuma sun san abin da suke faɗa, nauyinsa ya kai na rana wajen sau miliyan 4. A asibiti in likita ya ce an yi "massive transfusion" akwai adadi a bayan maganar, sanannen ma'aunin shine a ƙara wa mutum jini leda 10 cikin awa 24. Amma "massive heart attack" da jaridu suke son rubutawa duk sanda wani babba ya yanke jiki ya faɗi, wannan yaren jarida ne da na 'yan uwan mamaci, likitocin zuciya suna da nasu rabe-raben da suke yi daga abin da na'urar awon zuciya da gwajin jini suka nuna. Sau da yawa abin da jaridar take nufi kawai shine mutumin ya rasu nan take.

Siyasar Amurka ta shekarun 1950 ta taimaka sosai wajen kai kalmar shafin farko. A Janairun 1954 sakataren harkokin wajen Amurka John Foster Dulles ya yi jawabi kan manufar gwamnatin shugaba Eisenhower ta mayar da martani da makaman nukiliya in Tarayyar Sobiyet ta yi takala, manufar ta shahara da sunan "massive retaliation". A 1956 kuma Sanata Harry Byrd na jihar Bajiniya ya yi kiran abin da aka sani da "massive resistance", wato turjiyar fararen fatar kudancin Amurka ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da farare. A nan kalmar ta bar dutse da ginshiƙi ta hau kan abin da ba a dafawa, martani, turjiya, matsin lamba. Sojojin Amurka ma har cikin sunayen bama-bamansu suka sa ta, akwai wanda suka jefa a lardin Nangarhar na Afganistan a Afrilun 2017 mai nauyin kusan tan 10, da kuma wanda suka yi amfani da shi kan tashar nukiliyar Fordo ta Iran a Yunin 2025 mai nauyin sama da tan 13. Waɗannan kam ko ba komai nauyin yana nan, an auna.

Abin da ya samu kalmar bayan nan ba baƙon abu bane, kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin sa don a bakinmu yake faruwa kullum. Ka ji yarinya ta ce atamfar nan ta yi mugun kyau, ko saurayi ya ce tsiren nan bala'in daɗi gare shi, ko a ce wane masifar son ƙwallo yake. Ina mugunta a kyan atamfa, ina bala'i a tsire? Kalmomin tsoro ne aka ɗauko don a ƙara wa magana ƙarfi, aka yi ta amfani da su har tsoron ya zube ya bar su da ma'anar "sosai" kawai. Turanci ma haka, kalmarsu ta "very" asalinta daga tsohon Faransanci ne tana nufin "na gaskiya", yau ba wanda yake jin gaskiya a cikinta. To haka "massive" ta bi, daga dunƙulalle mai nauyi ta koma babba, daga babba ta koma wani abu kamar alamar motsin rai da aka rubuta da haruffa. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sha jin masu sharhin firimiya suna cewa "massive three points", alhali maki uku dai uku ne, ko Arsenal ce ta ci ko ƙungiyar da ke ƙasan tebur. A hira da ƙwallo ni ban ga laifi ba wallahi, harshe haka yake tafiya kuma ba mai tare shi. Inda nake da magana shine labari, don labari alƙawari ne tsakanin mai rubutu da mai karatu cewa abin da na faɗa maka na bincika.

Wasu suna kare 'yan jarida da cewa ai kanun labari wuri ne matsattse, dole a nemi kalma ɗaya da zata ɗauke dogon bayani. Wannan hujjar ba ta zauna min ba. Ƙirga haruffan mana, "big" uku ne, "huge" huɗu, "massive" bakwai. In matsi ne ya dame ka ai gajeriyar zaka ɗauka, ko ma ka sa lamba, don "mutum 40" ya fi kowace sifa amfani. Gaskiyar magana ita ce kalmar tana da amo, tana cika baki, kuma tana sa yatsa ya tsaya in mutum yana jan allo a Facebook. Sannan tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, ba a iya ƙaryata ta. In ka rubuta mutum 5,000 sun halarci taro, wani zai iya kawo hoton sama ya nuna ba su kai ba, ka ji kunya. In ka rubuta "massive crowd" ba wanda zai kai ka ko'ina, don ba wanda ya san daga mutum nawa ake fara kiran taro haka. Mafaka ce ga wanda bai je ba, ko ya je bai ƙirga ba, ko edita yana ta kira a waya yana cewa turo mana da sauri. Su kansu manyan gidajen jarida sun san da ciwon, jaridar Guardian ta Ingila a kundin ƙa'idojin rubutunta ta sa wannan kalma cikin waɗanda ta gargaɗi ma'aikatanta cewa an yi musu yawan amfani har ya wuce kima.

Girgizar ƙasa ce misalin da ya fi fito da abin fili, don ita tana da ma'auni na gaske. Masana suna da matakai, mai maki 5 zuwa 5.9 matsakaiciya ce, 6 zuwa 6.9 mai ƙarfi, 7 zuwa 7.9 babba, 8 zuwa sama ita ce ƙurewa, kuma "massive" ba ta cikin sunayen matakan nan ko ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shine tsakanin maki ɗaya da na gaba ba ƙari ɗaya bane, ƙarfin da ƙasa take saki yana ninkuwa wajen sau 32. Wato ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 mai maki 7.8, wadda ta kashe mutum sama da 50,000, ta ninka ta Maroko ta Satumbar shekarar mai maki 6.8 wajen sau talatin a ƙarfi, ita kuma ta Marokon ta kashe kusan mutum 3,000. Dukkansu musibu ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma in kalma ɗaya ka liƙa wa biyun, ka kuma liƙa wa wata mai maki 5 da ta zubar da kwanuka kawai, to me ka koya wa mai karatu? Ya tashi bai san komai ba sai dai cewa abu ya faru kuma ana so ya firgita.

A siyasar Najeriya kuma abin ya fi haɗari. "Massive rigging", "massive looting", "massive defection", "massive support". Yawanci ba ɗan jaridar bane ma ya ƙirƙiro, kakakin jam'iyya ne ya rubuto a takardar manema labarai, a cikin labarin zaka ga an ce wane ya yi zargi, amma kafin a kai kanu alamar zance ta faɗi, zargi ya koma kamar abin da jarida ta tabbatar, kuma mafi yawanmu kanun kawai muke karantawa mu tura gaba a WhatsApp. Sai an je kotu ake gane nauyin kalmar ba ya nan, domin dokar zaɓe ta 2022 ta ce ba a soke zaɓe don an saɓa ƙa'ida sai in saɓawar ta yi tasiri sosai a kan sakamako, kuma alƙalai suna neman a kawo hujja rumfa-rumfa, a ƙasar da take da rumfunan zaɓe sama da 176,000. Ba ina cewa ba a maguɗi bane, ana yi, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa ranar rantsar da shi a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Abin da nake cewa shine wanda aka yi wa maguɗi da gaske shi ya fi kowa buƙatar a rubuta rumfa kaza, ƙuri'a kaza, sa'a kaza, don wannan ne zai tsaya masa. Sifa ba ta tsaya wa kowa. Haka batun sauya sheƙa, a ce dubbai sun fice daga jam'iyya kaza, ka duba hoton ka ga kujerun roba ne da rumfa biyu da masu kiɗa.

Kuɗi ma haka. A ce an bankaɗo "massive fraud" na naira biliyan ɗaya, to biliyan ɗaya ta yaushe? A 2014 da dala take wajen naira 160, biliyan ɗaya ta haura dala miliyan 6, a 2024 da dala ta kai wajen naira 1,500 ba ta kai dala 700,000 ba. Sata sata ce ko ta kwabo ce, amma mai karatu ya cancanci a gaya masa kuɗin nan albashin malaman firamare nawa ne, ko kashi nawa ne na kasafin ma'aikatar da aka sata a ciki.

Yanzu in zo kan namu, don nan ne abin ya fi yi min ciwo. Kaso mai yawa na labaran Hausa da muke ji a rediyo ko muke karantawa a intanet fassara ce daga Turanci, kuma mai fassara yana aiki ne da agogo a kansa, labarai goma a gabansa, saura minti ashirin a shiga situdiyo. Da ya ga "massive" hannunsa ya riga ya saba, sai ya buga "gagarumi". Gagarumar gobara, gagarumin taro, gagarumar nasara, gagarumin ci gaba, gagarumar zanga-zanga, gagarumin biki, har gagarumin ragi a shagon atamfa. Ni in na ji gagarumi kunnena gagara yake ji a ciki, abin da ya fi ƙarfin mutane, wanda aka taru aka kasa. Gobarar da 'yan unguwa suka kashe da bokiti kafin motar kwana-kwana ta iso ba ta gagari kowa ba. Mun ɗauko kalmarmu mai nauyi mun mayar da ita 'yar aiken wata kalmar Turanci da ta riga ta gaji.

Alhali kuwa Hausa a wannan fanni ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba, don sifofinmu na girma ba girma kawai suke faɗa ba, har siffar abin suke zana maka. In na ce makeken fili ka ga faɗi. In na ce zungureren layi ka ga tsawo. Katafaren gini, ka ga bene ya tashi. Gabjejen mutum, ka ga kauri da ƙiba. Tafkeken rami, shirgegen dutse, dirkekiyar bishiya, kowanne da hoton da yake kawowa. Ga ɗimbin da tarin don yawa, ga tururuwa da cincirindo don mutane, ga tsagwaro da zalla don abin da ba gauraye, wanda ma shi ne ya fi kusa da tsohuwar ma'anar "massive" ɗin. Kakanninmu da suka ƙera waɗannan kalmomi sai sun kalli abu tukuna suke zaɓar wadda ta dace da shi, ba zaka iya cewa zungurere ba sai ka ga tsawon da idonka. Da yaron nan na rumfarmu ya rubuta cewa da safe an yi zungureren layi, da gaskiya tsagwaronta ya faɗa kuma ba wanda zai ɗauka ƙasa gaba ɗaya ta fito.

Akwai ranakun da abu yake gagara da gaske, kuma ranar ne ake neman kalmar a tarar an riga an cinye ta. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a 27 ga Janairu 2002 ta yi sanadin mutuwar mutum sama da 1,000, da yawansu a cikin magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse suna gudu cikin duhu. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Tankar man da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta tafi da mutum sama da 150 a dare ɗaya, a gari ƙarami inda kowa ɗan uwan kowa ne. In kunnen mutum ya saba jin gagarumi a kan bikin buɗe shago da taron siyasar ƙaramar hukuma, ranar da aka ce masa gagarumar gobara a Majiya ba abin da zai motsa a ransa sai ya ji adadin.

Na lura ma labaran da suka fi zama a zuciya ba su cika buƙatar sifar ba. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, abin da ya sa mutane daga Sakkwato har Damagaram suka fahimci girman abin ba kalmar "massive" bace ba kuma gagarumi bace. An ce ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga asibitin koyarwa, ya mamaye kasuwar Monday, ya rusa katangar gidan yari fursunoni sama da 270 suka fice, ya ci gidan zu har hukuma tana gargaɗin mutane su yi hattara da kadoji da macizai a cikin unguwanni. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ba ta taɓa zuwa Borno ba, tana jin an ce har fadar Shehu sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zauna a bakin ƙofa tana salati.